Bencinmu Ni da Rahila

Ranar Litinin ɗin da aka koma makaranta bayan dogon hutu, a watan Satumba na shekarar 2004, Rahila ta yi sallama a gidanmu tun rana ba ta gama fitowa ba. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo, ina tsugune a bakin rijiya ina wanke-wanke. Ta shigo cikin koren kayan makaranta da aka goge da dutsen guga na gawayi, takalmin robarta a hannu ɗaya don kada ya ɓaci, a ɗaya hannun kuma wani tsohon ɗankwali ne da ta naɗe ta yi gammo. Ta durƙusa ta gai da Mama, sannan ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga zani ne a jikina. "Kai Safiya, ba ka shirya ba? Za su buga ƙarfe fa!" ta ce, da Hausarta ta Agyaragu wadda ba ta raba mace da namiji. Ta zo ne mu ɗauki bencinmu mu mayar aji. Ita kuwa da yake ta san gidan kamar nasu, sai ta wuce kai tsaye falon Baba inda muka ajiye shi ranar da aka ba da hutu, ta ɗaga labule. Na bi bayanta da kumfar sabulu a hannu. Bencin yana nan, amma an raba shi gida biyu: mazaunin a jingine da bango, teburin kuma an shimfiɗa masa farin leshi an ɗora kwamfuta a kai. Baba ya fito daga ɗaki yana gyara hula, fuskarsa a sake, ya ce, "Rahila, ƙawarki ta gama da waccan makarantar. Daga yau a gida za ta yi karatu. Ki gai da malamarku." Rahila ta ce, "To, Baba." Ta ɗora gammon a kanta, ina jin saboda sabo, ta fita ba komai a kansa.

Wanda bai yi irin makarantarmu ba zai iya cewa ai benci katako ne kawai, don haka ya kamata in ɗan yi bayani. A firamaren gwamnati da muka yi a Lafia, aji ba shi da ƙofa, tagogi ba su da marfi, kuma makaranta ba ta ba kowa wurin zama. Iyaye ne ke haɗuwa gida biyu su yi wa 'ya'yansu benci ɗaya, teburi da mazauni a haɗe, kafinta ya rubuta sunayen yaran da fenti a gaba. Idan aka bar shi a aji ranar Juma'a, da wuya a same shi ranar Litinin. Ko masu biki sun ara sun manta, ko ya shiga murhun wani. Saboda haka kowace Juma'a sai masu benci su ɗauke shi a ka su kai gida, wannan mako gidan wannan, wancan mako gidan waccan, ranar Litinin su dawo da shi. Ni da Rahila an haɗa mu tun muna aji uku. Ita 'yar ƙabilar Migili ce, Kirista, iyayenta manoman doya ne a Agyaragu, an kawo ta Lafia wurin ƙanwar mahaifinta, Anti Laraba, mai sayar da ƙosai da kunu a bayan layinmu. Iska ta kayar da wani maɗaci a gonar babanta, ya sa aka yanka, ya ɗoro katakon a saman motar doya ya kawo har ƙofar gidanmu. Baba kuma ya ɗauki nauyin aikin kafinta. Ban taɓa jin an yi wata yarjejeniya a tsakaninsu ba, kuma ba na jin akwai buƙatarta. Kowa a unguwa ya san bencin na gida biyu ne. Dogon hutun waccan shekarar dai ya faɗo ne a kan makonmu.

Maɗaci yana da nauyi, kuma Rahila ta fi ni tsawo, don haka duk yadda muka yi nauyin a kaina yake sauka. Ita ce a gaba, ni a baya, ba na ganin komai sai dugaduganta da jar ƙasa. Ita ke faɗa mini, "Rami! Akuya! Mashin!" ni kuma in kauce. Idan muka zo gindin mangwaron da ke kusa da injin niƙa sai mu sauke, mu hau kai mu zauna kamar masu jiran mota, mu ci gyaɗa dafaffiya ko ragowar ƙosan da Anti Laraba ta ƙunsa mata a takarda. A hanya mukan haɗu da wasu bencinan suna tafe da ƙafafu huɗu-huɗu, yara maza suna tsere da nasu har su faɗi. A aji ita ke gefen taga, domin idan ruwa ya feso ta fi ni jurewa, ni kuma ina gefen hanya, domin ni ke da fensir mai kyau kuma kowa na zuwa aro. Ta fi ni lissafi, na fi ta karatun Turanci, kuma ba zan ɓoye cewa idona yakan zame zuwa littafinta ba, nata ma haka. Ranar aiki, mu biyu ake ba layi ɗaya a gonar makaranta. Ita ke huɗa da fartanya kamar babba, ni ina binta da iri. Ita ta koya mini fere ganyen kwakwar manja in yi tsintsiyar da ake karɓa a matsayin aikin hannu. Lokacin tara mu yi 'yar gala-gala ko carafke a ƙarƙashin bishiyar kashu, in azumi ya zo kuma ta ƙi cin komai a gabana, ta juya baya tana tauna rogo a ɓoye kamar ba na jin ƙamshin ƙuli-ƙuli.

Ina so in yi wa Baba adalci, Allah ya jiƙansa, domin da na girma na gane ba don raini ya yi abin da ya yi ba. Ɗan Lafia ne, amma a Jos ya yi aiki har aka ƙirƙiro jiharmu aka dawo da su gida. Mai buga tafireta ne a sakatariya, kuma yana alfahari da saurin hannunsa. Sai aka kawo kwamfuta ofishinsu tare da wata yarinya 'yar bautar ƙasa, abin da yake wuni yana bugawa ta gama kafin shayinsa ya huce. Aka matsar da teburinsa kusa da ƙofa, ya zama mai amsa gaisuwar baƙi. Bai taɓa faɗa mana da bakinsa ba, daga baya Mama ta gaya mini. Ya shiga ajin koyon kwamfuta na yamma, yana zama cikin sa'o'in 'ya'yansa. Ga shi kuma a shekarar da ta gabata malamai sun yi dogon yajin aiki, mun zauna a gida har na manta wasu abubuwa. Da aka koma, wata rana ya biyo ta makaranta ya kawo mini kuɗin tara da na manta, ya tarar ba malama a aji, mu duka mun duƙufa muna ɓarar agushin da ta kawo daga gonarta. Ya juya ya tafi. A cikin hutu ya sayo tsohuwar kwamfuta 'yar Kwatano da faya-fayan sidi na karatun yara. Babu teburi a gidan da ya yi daidai da ita sai bencin. Ya kira kafinta ya cire mazaunin, ya huda rami a bayan teburin don wayoyi su wuce. Abin da yake yawan faɗa a lokacin shi ne, "Duniya ta koma cikin akwatin nan, ba zan bari a bar 'yata a bakin ƙofa ba."

Haka na fara makarantar gida. Idan akwai wuta, sai in cire leshin in ninke, in zauna a kan kujerar cin abinci da aka ɗora wa matashi, in sa faifai. Muryar wata Baturiya ce ke koyarwa, mai haƙuri ƙwarai, ba ta gajiya, ba ta duka, ba ta aikena. Idan na ci lissafi sai taurari su watsu a allon, idan na faɗi ta ce in sake gwadawa, ko sau nawa ne. Ranar Asabar Baba ya goya ni a mashin zuwa shagon intanet da ake kira kafe, ya sayi lokaci, ya shiga shafukan da aka yi don yaran ƙasashen waje masu karatu a gida. Shafi ɗaya sai ya yi ta buɗewa a hankali daga sama kamar ana sauke labule, ni ina zaune a tsakanin samari masu warin turare, ƙafata ba ta kai ƙasa ba. Ya buga darussan a takarda mu taho da su, su nake yi idan an ɗauke wuta, wanda shi ne mafi yawan lokaci. Da yamma ya dawo ya duba aikina da jan biro. Ba zan ce ban ƙaru ba. Na ƙaru, wataƙila ma fiye da yadda zan ƙaru a aji. Turancina ya buɗe, na san taswirar duniya, na iya buga rubutu da yatsu goma kafin yawancin manyan unguwarmu su taɓa linzamin kwamfuta.

Sai dai gidanmu ba shi da nisa da makaranta, kuma sauti ba ya neman izini. Ina jin lokacin da ake buga tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a bishiya, ina jin waƙar asambili, ina jin aji biyu suna rera jadawalin sau. Idan aka fita tara, hayaniyar yara takan taso gaba ɗaya kamar ruwan sama a kan kwano, sai in ga na daina jin Baturiyar. Da yake kuma ina gida, aiki ya same ni: goyon ƙanena, korar kaji daga riɗin da Mama ta shanya, ɓarar gyaɗa, kai niƙa. Kai niƙan nan shi ne abin da na fi tsoro. Yarinya mai shekara goma a kan titi da hantsi, cikin kayan gida, da roba a ka, abin tambaya ce. "Safiya, ba lafiya ne?" "Ko an kore ki ne?" Wata maƙwabciyarmu takan leƙo ta katanga ta ce wa Mama, "Maman Safiya, ina 'yar talbijin ɗinku? An ce talbijin ke koya mata boko." Mama ta yi murmushi ta ce ra'ayin babanta ne. Na koyi bin lungu, na koyi jiran a tashi makaranta kafin in fita, don in saje da sauran yara. Amma a lokacin ne kuma nake iya haɗuwa da Rahila, ita ce kuwa wadda na fi gudu.

Wani yaron layinmu da ke ajinmu ne ya kawo labarin cewa a ƙasa Rahila take zama. Ta samo buhun taki ta wanke, shi take shimfiɗawa a gaban aji inda siminti ya farfashe, ta ɗora littafi a gwiwa. Damuna ba ta ƙare ba, rufin kuma yana yoyo. Mama ta fara yi wa Baba magana, ba da faɗa ba, a hankali, idan ta kawo masa abinci: "Yarinyar mutane fa tana zaune a ƙasa." Bayan kwanaki sai ga shi ya dawo da farar kujerar roba mai hannu, sabuwa fil, irin wadda ake jerawa manyan baƙi a wurin biki. Na tabbata a ransa ya ga ta fi bencin daraja, ga ta ba nauyi, mutum ɗaya ma ya ɗauka. Ya ce gobe in kai wa Rahila makaranta da kaina. Na kwana ina fatan a wayi gari da zazzaɓi, ban samu ba. Na kifa kujerar a kaina, ƙafafunta huɗu a sama, na ratsa filin makaranta ana tsakiyar darasi, da atamfa a jikina. Ta kowace taga idanu ne. Da na isa ƙofar ajinmu, monitan aji ya buga teburi kamar yadda ake yi wa babban baƙo, aji duka suka miƙe suka ja gaisuwa da ƙarfi suna ƙunshe dariya. Wani daga baya ya ce, "Kwamfuta ta zo duba mu!" Malama Asabe, malamar ajin, ta daka musu tsawa, ta karɓi saƙon ta ce a gai da Baba, an gode. Rahila ta tashi daga kan buhunta ta karkaɗe siket, ta hau kujerar saboda an ce ta hau. Ta fi kowa tsawo a ajin, ba teburi a gabanta, hannayenta a kan hannun kujera kamar shugabar taro. Ban kai ƙofa ba na ji na bayanta sun fara: "Madam, sauka mana, ba mu ganin allo!" Ba ta dube ni ba, ni ma ban tsaya ba. Kafin mako ya ƙare, kamar yadda yaron nan ya faɗa mana, kujerar ta koma bayan teburin malama, domin tata kujerar ƙafa uku gare ta, kuma bai dace ɗaliba ta fi malama wurin zama ba. Rahila ta koma kan buhu.

Da sabuwar doya ta fito, baban Rahila ya zo Lafia ranar kasuwa, ya biyo gidanmu da manyan doya a ɗaure da igiya, kamar yadda yake yi kowace shekara tun da aka haɗa mu. Dogon mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Aka yi sa'a, ko rashinta, akwai wuta. Baba ya shigar da shi falo da murna, ya kira ni in nuna masa abin da na koya. Na buɗe taswirar Najeriya. Ya sunkuyo ya duba, ya ce, "To 'yata, ina Agyaragu a nan?" Na nema ban samu ba, Lafia ma ɗan ɗigo ce. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ba su san mu ba." Yana maganar ne hannunsa na dafe da gefen teburin. Na ga yatsunsa sun shiga ƙarƙashin leshin, suna shafa katakon, suka bi ta baya har suka sami ramin da wayoyi suka fito. Suka tsaya a wurin. Ya ce, "Oga, katakon bai tsage ba dai ko?" Baba ya ce, "Ko kaɗan, ai katako ne na gaske." Ya ce, "To, madalla." Ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar yara, ya sa mini albarka, ya tafi. Bai ambaci benci ba, bai ambaci buhu ba, ko da yake daga gidan ƙanwarsa ya fito kuma babu yadda za a yi a ce bai sani ba. Ina tsaye a wurin ina jin kamar in shige ramin nan in bi waya. Doyar kuwa Mama ta ajiye a kusurwar kicin ta kasa dafawa. Tana nan har ta fara tsiro.

Wajen ƙarshen shekara aka tura Baba kwas Akwanga na 'yan kwanaki. Washegarin tafiyarsa Mama ta shimfiɗa tabarma a falo, muka kama kwamfutar ni da ita muka sauke ƙasa, tana ta addu'a kada wani abu ya lalace. Ban taɓa ganin ta saɓa wa Baba a kan komai ba sai ranar. Ta aika aka kira kafinta ya mayar da mazaunin, ya fere guntun katako ya toshe ramin. Launinsa bai zo ɗaya ba, yana nan fari kamar tabo. Sunayenmu na nan a gaba, leshi ya kare su daga ƙura. Da la'asar aka ɗora wa mai baro, Mama ta ce in bi shi gidan Anti Laraba, in ce ta ce a yi haƙuri. Ina tafe a bayan baron zuciyata ta yi sanyi, ina ganin shi ke nan an gyara komai. Na tarar da Rahila a ƙofar gida tana wanke robobin kunu. Ta miƙe ta share hannu a zani, ta zagaya bencin, ta taɓa farin tabon da yatsa. Babu fushi a fuskarta, abin da ya fi damuna ke nan. Ta ce wasu 'yan mata biyu sun matsa mata a gefen nasu, rabin jikinta a kai rabi a iska, amma ya fi buhu. Sannan ta ce, "Kai ma za ka dawo?" Na ce Baba bai ce ba. Ta ce, "To wa zai kama mini baya?" Na ce ko za ta nemi wata. Ta yi dariya. "Wace wata? Kowa da nasa tun aji uku." Ta juya ta ƙwala wa antinta kira da yarensu, ta ce mini, "Ka bar shi a nan, Anti zai sa masu cin ƙosai a kai. Ka gai da Mama." Ta koma kan robobinta. Na tsaya kaɗan ko za ta ƙara wani abu, sai mai baro ya ce shi fa yana da wani aikin.

Da Baba ya dawo ya ga kwamfuta a kan tabarma, ya daɗe yana kallo. Bai tambayi Mama komai ba a gabana. Ya cire takalmi ya harɗe ƙafa a ƙasa ya kunna ta, daga baya ya sa aka yi mata ɗan ƙaramin teburi. Bai mayar da ni makaranta ba, ni ma ban roƙa ba, domin ban san da wace fuska zan shiga ajin nan ba. Na gama firamare a falo, aka yi mini rajistar jarrabawar shiga sakandare ta wata makaranta mai zaman kanta, na ci da kyau, aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata, daga can jami'a. Bencin ya daɗe a ƙofar Anti Laraba, ya yi baƙi da mai da hayaƙi, 'yan acaɓa suna zama a kai suna shan kunu. Idan hanya ta bi da ni ta wurin nakan gaishe ta daga nesa in ƙara sauri. Ni da Rahila mun ci gaba da gaisawa idan mun haɗu, irin gaisuwar manya, ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida. Da ta gama aji shida aka mayar da ita Agyaragu. Daga baya antin ma ta tashi daga unguwar.

Abin da ya tayar mini da wannan duka shi ne, watannin nan maigidana yana ta nuna mini wata makarantar intanet a wayarsa, yana so mu sa 'yarmu Nana, ta riƙa karatu daga gida. Hujjojinsa ba na banza ba ne, kuma na san su tun kafin ya faɗa: aji ya cika, malamai sun gaji, hanya ba tabbas, darussan can kuma an tsara su da kyau, malami yana gani yana amsawa nan take, ba kamar faifaina ba. Yakan ce, "Ke ma ai haka kika yi, ga ki nan." Gaskiya ne, ga ni nan, kuma ba ni da tabbacin da na zauna a wancan ajin ina ɓarar agushi da na kai inda na kai. Ba na so in zama uwar da za ta tauye 'yarta saboda wani tsohon abu da ke damunta ita kaɗai. Na je na tsaya a bakin katangar firamaren da ke kusa da mu. Yanzu ba a ɗaukar benci a ka, ajujuwa suna da ƙofa, amma na ga yara a matse huɗu-huɗu, wasu a ƙasa, ga hayaniya, ga rana. Na ga kuma wata yarinya ta karya biskit biyu ta miƙa wa ta kusa da ita ba tare da ta ko dube ta ba. Na dawo gida ban yanke komai ba, har yau kuma ina ce masa ya ƙara mini lokaci. A lissafin da muke yi ni da shi, Nana kaɗai muke sawa, kamar yadda Baba ya sa ni kaɗai. Ba mu taɓa tambayar ko akwai wata yarinya a wani gida da cirewar za ta shafa ba, kuma ban san yadda ake sa irin wannan a ma'auni ba.

Lokaci-lokaci aiki yakan kai ni Makurɗi, mota ta ratsa ta Agyaragu, ta rage gudu a inda mata ke jera doya da mangwaro a bakin titi. Nakan duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ta gilashi, ina neman wata doguwa, ina kuma tsoron in gan ta. Garin ba shi da girma. Da zan sauka in tambaya, ina jin ba za a rasa wanda zai nuna mini gidansu ba. Ban taɓa ce wa direba ya tsaya ba.